LAUNIN ABINCI DA LAUNIN JIKI: AMANAR DA MUKA BARO A GIDA

Jawabin da Babban Baƙo Mai Jawabi ya gabatar a Taron Shekara-Shekara na Ƙungiya



GABATARWA

Da takardar gayyata ta iso gare ni, na yi zaton a kan ilimi za a ce in yi magana, tunda a cikin aji na ƙarar da ƙuruciyata. Sai kwamiti ya ce a'a, bana lafiya ake so a tattauna. Ni kuwa ba likita ba ne. Alli na riƙe shekara 35. Sai dai malamin makaranta yana da wata dama da likita ba shi da ita. Likita sai yaro ya kwanta yake ganinsa, mu kuwa kullum safiya muna duban idon yaro da fatarsa da kuzarinsa a wajen taron asambuli. Da abin da na gani a can, da ɗan abin da na karanta bayan na yi ritaya, da su zan tsaya a gabanku.

Ga abin da ya zaɓa mini kan magana. A Sallar da ta wuce, jikokina suka zo daga birni. Da aka shimfiɗa tabarma, sai na dubi abin da aka zuba musu: farar shinkafa, da farar taliya, da farin burodi. A gefe kuma ga kwalaben lemo, wani ja, wani rawaya, wani kore shar. Sai na tuna da akushin mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta: tuwon jar dawa, miyar kuka ko ta taushe mai kabewa da yakuwa, ga manja a sama, ga ɗorawa da ɗinya da muke ci a hanyar gona. Nan na ce a raina, ashe launi ya fita daga cikin kwano ya koma cikin kwalba. Abin bai tsaya nan ba, har wanda yake jikin fata ma yanzu ana sayen mai da tsada don a kankare shi.

Abin da nake so in tabbatar muku a yau shi ne, launin da ke jikin tsiro da jikin mutum ma'aikaci ne, kowanne da aikin da yake yi. Wanda ya kore shi daga kwanonsa ko daga fatarsa ya sallami ma'aikacin da ba ya karɓar albashi.

MENE NE LAUNI?

Hasken rana da muke gani fari, a cikinsa akwai dukkan launukan bakan gizo. Idan hasken ya sauka a kan abu, wani sinadari da ke jikin abin yakan shanye wasu launukan, ya maido da saura zuwa idonmu. Ganye kore ne saboda sinadarin da ake kira kulorofil yana shanye ja da shuɗi, ya maido da kore. Da hasken da ya shanye ne tsiro yake haɗa ruwa da iska ya yi abinci. Ke nan duk damin geron da ke rumbunanmu, aikin wannan koren launi ne.

Wasu masana biyu 'yan ƙasar Jamus, Richard Willstätter da Hans Fischer, sun sami kyautar Nobel a 1915 da 1930 a kan binciken launin ganye da launin jini. Aikinsu ya nuna cewa ginin kulorofil ya yi kama ƙwarai da ginin abin da ke sa jini ya yi ja. Babban bambancin yana tsakiya: a ganye sinadarin maganiziyam ne zaune, a jini kuwa ƙarfe ne.

Ban da kore, akwai wasu manyan dangi biyu a cikin tsirrai. Akwai dangin karotin, masu ba da rawaya da ruwan lemu da wani nau'in ja, waɗanda aka gano fiye da iri 600. Akwai kuma dangin antosayanin, masu ba da ja da shunayya, irin na zoɓo. Da su tsiro yake kare kansa daga ƙunar rana da wasu cututtuka, da su kuma yake kiran ƙudan zuma da tsuntsaye. Idan muka ci tsiron, sai mu gaji wani sashe na wannan kariya.

RAWAYA DA HASKEN IDO

A farkon shekarun 1980, ina ƙaramin malami a wani ƙauye, akwai wani yaro a ajina mai kaifin basira. Da rana babu kamarsa, amma da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe da turmi, yana lalube kamar makaho. Wasu suka ce shashanci ne, wasu suka ce iska ce. Da muka kai shi ɗakin shan magani, malamin asibiti ya duba ya ce dundumi ne. Ya ba shi ƙwayar bitamin A, ya ce a riƙa ba shi hanta da manja da miyar ganye. Kafin mako ya zagayo yaron yana wasan ɓuya da 'yan'uwansa a farin wata. Gani ya kori ji.

Ga yadda abin yake. A can bayan ƙwayar ido akwai wani launi da ake kira rodofsin, wanda da shi ido yake kama ɗan hasken da ya rage da dare, kuma da bitamin A jiki yake ƙera shi. Bayanin wannan ne ya sa aka ba George Wald na Amurka kyautar Nobel a 1967. Tun kafin nan, a 1831, wani masani ya tsamo launin karas ya raɗa masa suna karotin, a wajajen 1930 kuma Thomas Moore na Ingila ya tabbatar da cewa jiki yana mayar da karotin ya zama bitamin A.

Amfanin bai tsaya ga ido ba. Bitamin A yana ƙarfafa fatar cikin hanji da ta huhu, wato katangar da ke tare cuta. A 1986, wani likitan ido mai suna Alfred Sommer ya wallafa binciken da ya yi a ƙasar Indunusiya, inda aka ga mutuwar ƙananan yara ta ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku a ƙauyukan da aka raba bitamin A. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ne suke makancewa duk shekara saboda ƙarancinsa, rabinsu kuma sukan rasu cikin shekara guda da makancewar. Shi ya sa ake ba wa yaron da ya kamu da ƙyanda bitamin A, shi ya sa kuma ma'aikatan lafiya suke ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 ɗan ƙwanson nan, shuɗi ga ƙanana, ja ga manya. Don Allah idan sun zo kada a rufe musu ƙofa.

To ina ake samun karotin? A manja, da karas, da kabewa, da mangwaro, da gwanda. Haka kuma yana nan jibge a zogale da alayyafo da rama da ganyen kuka, sai dai kore ya rufe shi, kamar yadda mukan ga ganye ya koma rawaya idan ya tsufa. Ko dawar nan tamu ƙaura, rawayar da ke cikin ƙwayarta ta dangin karotin ce. Masana aikin gona ma sun bi wannan sawu. A 2011 aka fitar da irin rogo mai rawayan ciki a Nijeriya, da haɗin gwiwar cibiyar IITA ta Ibadan da Cibiyar Binciken Saiwoyi ta Umudike. A 2016 aka ba wa masana huɗu, Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low da Howarth Bouis, Kyautar Abinci ta Duniya saboda aikin inganta amfanin gona, musamman dankali mai ruwan lemu a ciki. Tun 2002 kuma doka ta wajabta a ƙara bitamin A a sukari da fulawa da man girki da ake sarrafawa a masana'antun ƙasar nan.

Iyayenmu mata, ga abubuwa huɗu da suka shafi madafa. Na farko, karotin a cikin mai yake narkewa, don haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya fi zogale gaya amfani. Kakanninmu sun yi daidai ba tare da sun shiga aji ba. Na biyu, a shanya kuka da zogale a inuwa, domin rana tana cinye launin, amfanin kuma ya bi shi. Na uku, soya manja har ya yi hayaƙi ya washe, ƙona dukiya ne. Na huɗu, a rage zuba kanwa a miyar ganye. Tana riƙe koren a ido, amma tana lalata wasu bitamin.

JAN ZOƁO DA JAN TUMATIR

Makarantun da na koyar ba su da ɗakin gwaje-gwaje, don haka zoɓo ne kayan aikina. Nakan jiƙa shi in raba a kofi uku. Na farko in bar shi yadda yake. Na biyu in matsa masa lemon tsami, sai ya ƙara ja. Na uku in jefa masa kanwa, sai ya rikiɗe ya yi duhu, ya karkata wajen kore. Yara su yi ta tafi suna cewa Malam ya yi dabo. Babu dabo a ciki. Antosayanin ne yake sauya launi gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki.

Wannan launi yana cikin sinadaran da ke yaƙi da abin da zan kira tsatsar jiki. Kamar yadda iska da danshi suke cin fartanyar da aka bari a waje, haka aikin numfashi da hayaƙi da zafin rana suke haifar da wasu ƙwayoyi masu cin sassan jiki a hankali. Launukan tsirrai suna iya kashe kaifin waɗannan ƙwayoyi, an kuma daɗe da lura cewa mutanen da suke yawan cin ganye da 'ya'yan itatuwa sun fi tsira daga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

A kan zoɓo kansa an yi gwaji. A 2010, masana a Jami'ar Tufts ta Amurka suka wallafa sakamakon binciken da suka yi da mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa. Waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7, na sauran kuwa da kimanin maki 1 kacal. Wannan abin farin ciki ne, amma a saurari sharaɗinsa. Zoɓon da aka narka wa gwangwanin sukari ya ba da dama ne ya karɓe da hagu. Maki 7 kuma ba zai ishi wanda jininsa ya hau sosai ba, saboda haka kada kowa ya ajiye maganin asibiti ya ce ya koma zoɓo. Mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su tambayi likita kafin su mayar da shi abin sha na kullum.

Shi kuwa jan tumatir da na kankana da na jar gwaba, sunansa laikofin, ɗan dangin karotin ne. Abin sha'awa game da shi, jiki ya fi samunsa a tumatirin da aka dafa da mai fiye da ɗanye. Ashe jar miyarmu tana da hujja.

Akwai wani kuskure da ya kamata in gyara a nan. Mutane da yawa sun ɗauka duk abin sha mai ja yana ƙara jini, shi ya sa ake dafa wa mai jego karan dafi, wanda dukawa suke rina jar fata da shi. Jan karan dafi da jan zoɓo dabam, jan jini dabam. Jini ƙarfe yake bukata, ƙarfe kuwa yana cikin hanta da nama da kifi da wake da ganyaye. Ɗan lemo ko gwaba bayan cin abinci yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen, shayi mai kauri a kan abinci kuma yana hana shi. Matar da cikin idonta da tafin hannunta suka yi fari fat, awon jini take bukata a asibiti.

LAUNUKAN DA JIKI YAKE YI DA KANSA

Ƙwayar jini takan yi kimanin kwana 120 tana ɗaukar iska zuwa sassan jiki, sannan ta mutu. Idan ta mutu, jan da ke cikinta yakan koma wani launi rawaya mai suna bilirubin, hanta ta tace shi ta fitar. Idan ya taru ya fi ƙarfin hanta, sai ido ya yi rawaya, wato shawara. Jarirai sabbin haihuwa sun fi kowa fuskantar wannan domin hantarsu ba ta yi ƙwari ba. A mafi yawansu yakan wuce da kansa, amma idan ya yi yawa yana shiga ƙwaƙwalwa ya bar yaro da kurumta ko naƙasa ta har abada.

Maganinsa kuwa haske ne. A 1956, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Jean Ward a asibitin Rochford na Ingila ta lura cewa jariran da take fitarwa shan hantsi rawayarsu tana raguwa. Daga nan aka ƙirƙiro shuɗiyar fitilar da ake kwantar da jarirai a ƙarƙashinta. A 2015 aka wallafa wani gwaji da aka yi a Legas, wanda ya nuna cewa hasken rana da aka tace da wata leda ta musamman yana yin wannan aiki a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan asibiti. A lura da kalmar tacewa. Shanya jariri a tsakar gida haɗari ne. Jaririn da idonsa ya yi rawaya a kai shi asibiti a ranar, balle idan abin ya bayyana a kwanan farko na haihuwa. Kada a jira suna. Haka kuma akwai wani rauni na gado a jinin yara da dama a ƙasar nan, musamman maza, wanda likitoci suke kira ƙarancin G6PD. Kafur ɗin da ake sa wa a akwatin kayan jariri, da lallen da ake shafa masa, suna iya farfasa jinin irin wannan yaro. A nisanta su daga jarirai.

Sai launin da ya fi kowanne kusa da mu, wato melanin, wanda ya ba mu baƙar fata. Baƙi da Bature kusan adadin ƙwayoyin da ke yin melanin ɗaya ne a jikinsu. Namu ne suka fi ƙwazo. Melanin yakan taru kamar laima a kan cibiyar kowace ƙwayar fata, ya shanye hasken nan mai ƙuna da ido ba ya gani, wanda ke haddasa sankarar fata. Wanda yake son ya san darajarsa ya dubi 'yan'uwanmu zabiya, waɗanda aka halitta da ƙarancinsa: rana tana ƙona su, ganinsu yana da rauni, sankarar fata kuma tana kashe da yawansu tun da sauran ƙuruciya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe musu ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara. Haƙƙinsu a kanmu shi ne malafa da riga mai dogon hannu da kujerar gaba a aji, da kuma kame baki daga tsokana.

To ga mai neman laima ido rufe, ga kuma mai yayyaga tasa da kuɗinsa. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man sauya launin fata, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Ire-iren man nan sukan ƙunshi zaiba, wadda ke lalata ƙoda, tana kuma ratsawa ga ɗan da ke ciki da mai shan nono. Ko haidurokwinon, wanda ƙarshensa baƙaƙen tabo ne da ba sa goguwa. Ko sitiroyid, mai sa fata ta yi sirara ta tsattsage, ciwo ya ƙi warkewa, har ya jawo hawan jini da ciwon sukari. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne labarin iyayen da suke shafa wa 'ya'yansu ƙanana. Kuma kada mu ɗora wa mata laifin su kaɗai. Muddin samari da iyayen ango suna cewa sai fara, kasuwar mai bilicin ba za ta mutu ba.

KALLON KITSE DA AKE YI WA ROGO

Kada wani ya fita daga zauren nan ya ce Malam ya ce duk mai launi magani ne. A ƙasar Finlan an yi gwaji da maza masu shan taba fiye da 29,000, aka riƙa ba wa wasunsu ƙwayar karotin kullum da fatan za ta kare su daga sankarar huhu. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga sankarar ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin masu shan ƙwayar. A 1996 aka dakatar da wani gwaji makamancinsa a Amurka saboda dalili iri ɗaya. Darasin shi ne, abin da yake alheri a cikin kabewa, gwargwadon yadda aka halitta shi, yana iya zama sharri idan aka tattara shi da yawa a ƙwaya. Saboda haka idan mai talla ya tare ku a ofis ko a waya da garin kore ko ruwan ja mai tsada, yana cewa yana wanke jini yana maganin cuta arba'in, ku riƙe kuɗinku ku wuce kasuwar 'yan gwari.

Haka nan ba duk abin gargajiya ne mai aminci ba. Kwallin dutse da ake ranɓaɗa wa jarirai, mafi yawansa dalma ce. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mun san aikin dalma, domin a 2010 ƙurarta ta wajen haƙar zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara. Jan lalle na ganye ba shi da laifi ga yawancin manya, amma baƙin lallen da ake haɗawa da maganin rina gashi yana iya sa fata ta kumbura ta yi ƙuraje masu ruwa. Manja ma bai tsira ba: a 2015 hukumar abinci ta Ghana ta gano ana zuba masa wani rinin masana'anta mai suna Sudan IV don ya ƙara ja, rinin da aka haramta a abinci saboda zargin haddasa sankara. Manjan da ya yi ja fiye da kima, kyan ɗan maciji ne.

Su kuwa launukan kwalba, tarihinsu gajere ne. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Ingila, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ya dace da rinin shunayya. Daga 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin masana'anta, wanda a hankali ya janye kasuwa daga hannun manoman baba da marina irin ta Ƙofar Mata a Kano. Yanzu kuma kiɗa ya fara canzawa. Bayan wani bincike da Jami'ar Southampton ta wallafa a 2007 a kan launukan abinci da rashin natsuwar yara, Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da shida daga cikinsu tun daga 2010. A Janairun 2025 Amurka ta soke izinin wani jan launi da aka daɗe ana sa wa a alewa. Kamfanoni suna komawa ga launin tsirrai, zoɓon da ake lodi a Maigatari ta Jihar Jigawa har ƙasar Meziko yake zuwa. Abin da muka raina a bayan gida, wasu suna biyan kuɗin jirgin ruwa su ɗauka.

SHAWARWARI

Domin kada magana ta tashi a banza, ina miƙa wa Ƙungiya waɗannan shawarwari:

1. Kowane magidanci ya duba kwanon gidansa, ya tabbatar akwai aƙalla launi uku na tsiro a cikin abincin yini. Mai zaman haya a birni ma yana iya shuka alayyafo a tsohon buhu ko bokiti.

2. Ƙungiya ta farfaɗo da lambun makarantun firamare na garinmu, a dasa zogale da gwanda da mangwaro, a nemo irin dankali mai ruwan lemu ta hannun malaman gona.

3. Reshen mata ya shirya bita tare da ma'aikatan lafiya da ungozomomi a kan shawarar jarirai da kwalli da kafur da man bilicin.

4. A ƙidaya yara zabiya da ke makarantunmu, a tanadar musu malafa da man kariya daga rana da gwajin ido.

5. 'Yan kasuwarmu da ke birane su haɗa manoman zoɓo na gida da masu saye kai tsaye, a kuma koya musu shanya a kan tabarma ko tamfol mai tsabta domin kayan su yi daraja.

KAMMALAWA

Ya ku 'yan'uwa, Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Neman ilimi da abinci ne ya kai ku birni, babu mai zarginku a kan haka. Da yawanku ma ni na rubuta muku takardar shaidar kammala firamare. Roƙona shi ne, idan za ku koma gobe, ku bar wuri a bayan mota. Ku sa kabewa da kuka da zoɓo da busasshen zogale. Idan yaro ya yamutsa fuska ya ce wannan abincin ƙauye ne, a zaunar da shi a gaya masa aikin da kowane launi yake yi masa a ido da jini. Idan yarinya ta tsaya gaban madubi tana ƙyamar fatarta, uwa ta gaya mata cewa laima ce da ta gada daga kakanninta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da na faɗa daidai mu yi aiki da shi, inda na yi kuskure kuma likitocinmu da ke zaune a nan su gyara mini, domin malami ma ɗalibi ne.  Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.